Ɗan Farin Inna Rabi'a a Majigin Gyaɗa

Jikokina sun ce ban waye ba, wai don ba na zama in kalli fim tare da su. Su dai a bar su da akwatin nan tun hantsi har la'asar, wannan ta yi kuka, wancan ya yi waƙa, a sake tufafi a sake wata waƙar. In na ce ni na ga kallon da ya fi wannan, sai su kwashe da dariya su ce, "Kaka Abu, majigin naku da ko magana ba ya yi?" To, bebe ne, na yarda. Fari da baƙi ne, hoton yana makyarkyata kamar mai jin sanyi, ya tsinke a tsakiya a tsaya a liƙa. Amma har yau ban ga fim ɗin da ya yi wa wani mahaluki abin da majigin gyaɗa ya yi wa mahaifiyata ba. Tunda maganar ta taso, bari in faɗe ta daga tushe.

Sunanta Rabi'a, mu kuwa Inna muke ce mata. Daddawa take yi. Ta dafa kalwa, ta surfa, ta rufe ta ruɓa, ta kirɓa, ta mulmula, sa'an nan ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi bakin iyaka, gindin wata tsamiya kusa da sandar kwastan da ke tare hanyar Maraɗi. Direbobin gyaɗa suna saye, matan 'yan duwan, wato kwastan na ɓangaren Faranshi, suna aikowa a saya musu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma in ta ce a'a to ka kama gabanka. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama. Ni kuma a shekarun da nake ba da labarinsu aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina taya ta sana'a, ina kuma cika mata kunne da surutu.

Mu biyu gare ta da muka rayu, ni da yayana Arzika. Shi ne ɗan farinta. Yaran yanzu ba su san kunyar ɗan fari ba, sai ka ga mace ta ɗaga ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa tana kiran sunansa da ƙarfi. A zamaninmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallon fuskarsa a gaban mutane. Wasu matan suna yi ne sama-sama, in an kau da ido su sace kallo. Inna kuwa ta riƙe abin kamar farilla. Ana yaye shi aka kai shi Daddara wurin kakarmu ta wajen uba, can ya girma. Ko kalmar arziki ba ta fita daga bakinta, sai dai ta ce wadata. Da ya zama saurayi ya dawo gidanmu da jakansa, yana ɗauko gyaɗa daga ƙauyukan tsallaken iyaka yana kawowa sikeli a Jibiya, sai ta sa masa suna mai jakai.

Kullum da yamma in ya ɗaure dabbobinsa sai ya zo ƙofar ɗakinta ya durƙusa ya ce, "Inna, barka da gida." Ita kuma ta juya wa ƙofar baya ta amsa wa bango. In ya kawo mata kanwa ko manda daga tsallake, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi, ba ta taɓawa sai ya ɓace. Amma in ta kwashe tuwo, malmalar da ta fi girma da ƙanzon da ya fi daɗi sai ta tura mini da ƙafa ta ce, "Ke, kai wa mai jakai kahin kaji su sa baki." Ina tsokanarta in ce, "Inna, wane mai jakan? Garin nan masu jakai sun fi a ƙirga." Sai ta ɗauki muciya, ni kuma in ruga ina dariya. Shi ma Yaya dariya yake yi, bai taɓa nuna abin ya dame shi ba.

Wata kaka, gyaɗa ta yi kyau, sai ga Turawa biyu da wani malami sun zo bakin sikeli da wani akwati mai ƙafa uku. Suka ce hoton masu kawo gyaɗa suke ɗauka don a koya wa manoma tsabtace ta. Suka sa Yaya ya wuce ta gaban akwatin da jakansa, ya koma ya sake wucewa. Ya dawo gida yana ba ni labari yana ƙyaƙyatawa, wai Bature ya ce jakinsa na gaba ya fi shi iya tafiya. Muka yi dariya muka manta da zancen.

Da bazara ta kama sai sanƙarau ya shigo. Wanda bai ga wannan shekara ba ba zai gane ba. Mutum ya tashi lafiya, da azahar ya ce kansa, da yamma wuya ya sandare. Aka yi rumfunan zana a bayan gari ana kai marasa lafiya. Yaya na cikin waɗanda aka kai. Ni ce na bi shi. Inna ta dafa sassaƙe, ta dama kunu, ta rako ni har bakin gari ta miƙa mini ƙwaryar, amma ba ta ƙarasa ba, don akwai idon mutane a wurin. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Da na dawo da labarin na same ta tana surfen kalwa. Ta ce innalillahi, ta ci gaba da surfenta. Mata suka cika gida ana kuka, ita idonta ƙamas. Tsofaffi suna ta yabonta, wai Rabi'a akwai kara, wai irinta sun ƙare. Ni kuwa ranar haushinta ya cika mini ciki har na kasa cin abinci. Na ce a raina matar nan dutse ce, ba ta taɓa son sa ba, al'ada kawai ta samu ta laɓe a bayanta.

Bayan kaka ta zagayo sai mai shela ya bi unguwanni yana cewa motar majigi ta iso, bayan magariba kowa ya hallara a filin da ke kusa da sandar kwastan. Aka kafa itace biyu aka ɗaura farin ƙyalle, aka tada inji. Mutanen Magama suka zo, na tsallake ma suka tsallako, 'yan duwan suka yi kamar ba su gan su ba don su ma kallon suka zo. Manya a gaba kan tabarmi, yara a ƙasa, samari a tsaye. Tsofaffin mata da masu jin nauyin shiga taro su kan zagaya bayan ƙyallen, don hoton yana fitowa ta can ma. Inna ta ɗauki ƙwaryar daddawa ta ce bari ta je ko a yi ciniki, ta zauna a bayan. Ni na kutsa gaba.

Mai yi mana bayani wani Bakatsine ne, Malam Maharazu, siriri mai faɗin baki. Da yake hoton bebe ne, shi yake sa masa magana ta lasifika, kuma da harshenmu. Ya yi muryar tsoho, ya yi ta amarya, har jaki sai ya sa ya yi ƙorafin kaya sun yi masa nauyi. Wannan shi ne daɗin majigin da. Hoto ɗaya ne, amma kowace zuwa da irin maganar da zai sa masa, in ya ga sarkin kasuwa a zaune sai ya saka shi a ciki. Aka nuna na sauro, aka nuna na haƙa rijiya, sai aka sa na gyaɗa.

Muna ta dariya, sai ga sikelinmu na Jibiya. Yara suka hau ihu. Sai ga jaki ya ɓullo daga gefen ƙyallen, ga wanda yake jan sa, hula a ƙeya. Ya tako har tsakiya, ya tsaya, ya juyo ya dube mu ido cikin ido, ya yi wannan dariyar tasa da ke nuna wushiryarsa. Ya cire hular ya share gumi, ya ja jakin ya fita ta ɗaya gefen. Malam Maharazu bai san komai ba, ya ce, "Ga wani nan ya fi jakinsa murna." Ba wanda ya yi dariya. Filin ya ɗauki salati. Ni ban san sa'ad da na zube ƙasa ba. Daga baya aka gaya wa malamin cewa mai jakan ya rasu, kuma tun daga ranar in an zo wurin sai ya yi shiru, in ya wuce ya ce Allah ya jiƙansa.

Muka kamo hanyar gida ni da Inna. Sai da muka zo ƙofar gida ta tsaya ta ce, "Sun maishe shi bahago."

Na ce, "Wa fa, Inna?"

Ta ce, "Mai jakai. Da hagu shike jan igiya, da hagu ya share gumi. Shi ko ba bahago ba ne."

Na ce mata ai wanda ya zauna a bayan ƙyalle komai a juye yake gani, dama ta koma hagu. Ta ce, "To," ta shige ɗaki. Ni kuwa na tsaya a tsakar gida ina juya maganar. Ashe ta kalle shi. Ta kalle shi har ta ga hannun da ya riƙe igiya. Can bayan ƙyalle, inda ba haske, ba wanda ke lura da inda tsohuwa ta sa idonta, ta samu wurin da za ta dubi ɗanta son ranta. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina.

Tun daga nan ba ta ƙara fashin majigi ba. Motar kan zo bayan kaka, wata shekarar ta sake dawowa kafin damina. In ta gama da Jibiya ta kan yi Magama, ta yi Farfaru, ta yi Daddara, kuma duk inda ƙafa za ta iya kai mutum Inna tana can da ƙwaryarta. In an tambaye ta sai ta ce ciniki. Wa ke sayen daddawa a cikin duhu? Yadda ta tafi da ƙwaryar haka take dawowa da ita. Na taɓa ce mata ta dawo gaba ta gan shi daidai, sai ta harare ni ta ce, "Wa na ce miki nike kallo?" Sai dai na lura in majigi ya zo ta kan yi wanka ta ɗaura zanenta na saƙi, wanda ba ta ɗaurawa sai da salla.

Abin da ya fara damuna shi ne zaren hoton yana tsufa. Layuka suka fito masa kamar ana ruwa. Ya kan tsinke, Malam Maharazu ya yanke wurin da ya lalace ya liƙa sauran, kuma duk liƙi sai wani abu ya ɓace. Wata shekara aka nemi share gumin aka rasa, daga dariya sai ka ga ya fita. Wata shekarar tahowar ma ta gajarce, sai dai ka gan shi tsulum a tsakiya. Ni ina gani, na san ita ma tana gani.

Ana cikin haka sai sababbin hotuna suka fara zuwa, masu launi, masu magana da kansu. Gaskiya ɗaya ce, suna da kyau. Ganye kore shar, riga ja wur, ka ji ƙarar jirgi kamar zai faɗo maka. Amma Turanci suke yi, Malam Maharazu sai ya yi ta ɗaga murya yana kokawa da su, har ya gaji ya daina barkwancinsa, ya koma fassara kawai. Birane ne da masana'antu da manyan mutane suna gaisawa, ba sikelinmu, ba jakinmu, ba ko mutum ɗaya da muka sani. Samari kuwa, musamman yaran mota da suka shiga silima a Katsina da Maraɗi suka ga masu waƙa da masu harbi a kan doki, sai suka raina tsohon. In an sa na gyaɗa su hau fito suna cewa, "A cire bebe, mun gaji." Ban ga laifinsu sosai ba, da yawansu ba su san Yaya ba. Amma na taɓa kwaɗa wa ɗayansu ludayi a ka, kuma ban yi nadama ba.

Zuwan da ya zama na ƙarshe da Inna ta je kallo, ana dab da fara zancen mulkin kai a ko'ina, ƙafarta ta riga ta fara ciwo, idonta kuma ya fara hazo. Na riƙe ta muka tafi, na zauna tare da ita a baya. Aka nuna mai launi na fari, aka nuna na biyu. Tana zaune ta miƙe wuya tana jira. Aka sa na uku, wani dogo a kan wasan ƙwallo, samari suna ta sowa. Yana ƙarewa sai aka kashe inji, mutane suka fara naɗe tabarmi.

Ta ce, "Abu, zaren ne ya tsinke?"

Na ce, "An gama, Inna."

Ta daɗe tana duban farin ƙyallen har aka zo aka kwance shi. Sa'an nan ta ce in miƙo mata ƙwaryarta.

Gari na wayewa na yafa gyale na nufi inda motar ta kwana. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sami Malam Maharazu yana ɗaure kaya, ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Malam, ina majigin gyaɗa? Don 'yan iskan yaran nan sun yi fito shi ke nan sai ka ƙi sawa?"

Ya ce, "Baiwar Allah, sannu. Ba don su ba ne. Zaren ya mutu, gefensa duk ya yayyage, inji ba ya kama shi. An ce in mayar da shi ofis, ba zai sake fitowa ba."

Sai na faɗa masa. Na ce mai jakan nan yayana ne, uwarsa tana raye, ita ce tsohuwar da ke zama a baya da ƙwarya, wadda ke bin motarsa ƙauye-ƙauye. Ya saki igiyar da ke hannunsa ya zauna a kan akwati. Ya ce, "Wannan tsohuwar? Shekara da shekaru ina ganinta, na ɗauka talla take. Don me ba ta faɗa ba? Wallahi da na sani da sau biyu zan riƙa sa mata shi, da kuma ban yanke ko ƙiris daga wurin ba."

Na ce, "Ɗan fari ne."

Bai sake tambaya ba, shi ma ɗan ƙasar ne. Ya buɗe gwangwanin da majigin gyaɗar ke ciki, ya yi ta warware zaren yana ɗagawa sama yana dubawa, har ya zo wurin. Ya sa almakashi ya yanko mini kamar tsawon taƙi, ya naɗe a tsumma. Ya ce in an ɗaga shi a hasken rana ana gani. Na ɗaga. Ga Yaya nan a jere a jere, kowane hoto bai fi farcen ɗan yatsa ba, ya juyo yana dariya.

Na kai mata ɗaki na ajiye a kan tabarma, na faɗa mata abin da ke ciki da yadda ake dubawa. Ta ce, "Mi zan yi da shi?" Na fita na bar mata. Da na dawo babu tsumman a wurin.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na dawo daga rijiya sai na hango ta a bayan rumbu. Ta ɗaga zaren sama da hannu biyu, ta ɗaga fuska tana fuskantar rana. Ta matso da shi kusa da ido, ta nisanta, ta juya shi, ta rufe ido ɗaya. Hawaye na zuba, ban sani ba ko na rana ne. Na yi niyyar in koma da baya don kada ta ji kunya, sai ta kira ni ba tare da ta waiwayo ba.

"Abu, zo ki duba mini. Mi kika gani?"

Na karɓa na ɗaga. Na ce, "Ga shi nan, Inna. Ya juyo, hula a ƙeya, yana dariya. Ga wushiryarsa. Igiyar tana hannunsa na dama."

Ta ce, "Ni ban ga komi ba sai rana."

Ta zauna a gindin rumbun, ta miƙe ƙafar nan mai ciwo. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka da sauti ba sai ranar. Ta ce, "Sa'ad da nike da ido, shina zuwa ƙohwar ɗakina kullum da ƙahwahunsa, shi durƙusa, ni ko ina kallon bango. Aka ce mini haka ake yi, na yi. Kowa ya yaba mini. To ga yabon nan, mi zan yi da shi?"

Ni kuwa na naɗe zaren a tsummansa. Can ta share fuska da gefen zane, ta dafa rumbun ta miƙe. Na miƙa mata abinta, ta girgiza kai.

Ta ce, "Riƙe. Ke kina da ido. Ki riƙa duba mini shi."

Da motar majigi ta dawo bayan kaka, mai shela ya wuce ta ƙofar gidanmu yana kira, Inna tana zaune tana mulmula daddawa, ba ta ɗago kai ba.